Famfo Biyu a Sheffield

A gidan hayarmu famfo biyu ne a wurin wanke hannu,
ɗaya ƙanƙara, ɗaya wuta.
Wutar nake zaɓa.

Ƙarfe huɗu nake tashi
don in samu sallar ƙarfe shida.
Hannu uku, baki uku, hanci uku,
sai muryar nan ta ce:
ka tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu?
In koma farko.
Ta ce: ai ka taɓa kan famfon.
In wanke famfon,
in wanke sabulun da na wanke famfon da shi,
in tsaya ina duban tawul
kamar wanda ke bina bashi.

An ce wankin hula yakan kai mutum dare.
Ni ba hula,
yatsu goma ne kawai,
sun kai ni shekara uku.

Bas nake tuƙawa, daga Hillsborough zuwa cikin gari.
Kowane fasinja da tarinsa, kowane sulalla da tarihinsa.
Safar hannu biyu nake sawa, ɗaya kan ɗaya,
a ƙarƙashinsu fata ta tsage
kamar ƙasan tafki a watan bazara.
Jini ya fito, muryar ta ce: najasa.
To, a wanke jinin.
Wankin ya sake fito da jini.

Tsohon da ke maƙwabtaka da mu, Hargreaves,
yana buga bango da sandarsa in bututu ya dame shi da kuka.
Lantana ta ajiye takardar kuɗin ruwa kusa da shayina,
ba ta ce komai ba.
Da ma ta yi faɗa.

Liman a Burngreave ya kama hannuna,
ya juya shi, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, Tanimu, wannan ba tsarki ba ne, waswasi ne,
Allah bai ɗora maka wannan ba.
Na ce na sani, Malam.
Sanin yana kaina,
hannun kuwa kurma ne.

A asibiti wata mai furfura, Moira,
ta ba ciwon suna mai harafi uku.
Ta ce in kama mariƙin ƙofarta,
in zauna, hannu bisa cinya, minti goma.
Minti goma!
Gumi ya bi bayana,
na ji ƙazanta na hawa damtsena kamar kwarkwasa,
na zagi matar a zuci, da Hausa.
A minti na takwas sai kwarkwasar ta fara gajiya.
Ba ta tafi ba. Ta dai zauna.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Na sha tunanin yankewar.

Abin da ban faɗa wa Moira ba:
Ummita, shekararta shida,
ta koyi riƙe bakin rigata in za mu tsallaka titi.
Ba wanda ya koya mata.
Ranar Laraba a ƙofar makaranta, ana yayyafi,
ta manta.
Ta miƙo min rabin tuffa da ta gatsa,
da yashin filin wasa a jiki,
da shatin haƙorinta mai giɓi.
Baba, ci.

Muryar ta yi kururuwa.
Na karɓa.
Yashi ya yi ƙaras a haƙorina.
Na haɗiye.
Hannunta mai danƙo ya shige cikin nawa,
muka wuce shagon Bature mai sayar da kifi,
muka hau tudun nan mai cinye numfashi,
ban saki ba.

Da dare na je famfo, ba zan yi ƙarya ba.
Sau bakwai.
Jiya sha tara ne.
Hargreaves bai buga bango ba,
har Lantana ta ce gobe in leƙa
in ga ko tsohon lafiya.